Logbook of The World: Abin da Na Gani Bayan Shekara Biyu Ina Amfani da Shi a Zariya

A gasar masu rediyon sha'awa ta CQ World Wide, ta magana da murya, wadda ake yi a cikakken ƙarshen mako na ƙarshe a watan Oktoba har tsawon awa 48, mai tasha a Nijeriya ba ya rasa masu kiransa. Alamar kiranmu da 5N take farawa, muna cikin shiyya ta 35 daga shiyyoyi 40 da aka kasa duniya, kuma da yake masu lasisin rediyon sha'awa ba su da yawa a ƙasar nan, da zarar na yi kira daga ɗakina a Samaru a kan zangon rediyo na mita 15 sai Turawa su yi caa, kowa yana faɗin alamarsa. Wahalar tana zuwa ne bayan gasa, domin yawancinsu suna neman shaidar cewa mun yi magana, don su cika ƙasashe 100 da ake bukata kafin a ba mutum lambar yabo ta DXCC.

A da, katin QSL, wato katin da ake aikawa ta gidan waya don tabbatar da an yi magana, shi ne kaɗai shaida. Sai in buga kati, in rubuta rana da lokaci da zango, in sa a ambulan, in manna kan sarki, sannan in jira watanni ban san ko ya isa Jamus ko Japan ba. Wannan ɗawainiya ce ta sa na koma ga Logbook of The World, rumbun da ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Amurka, ARRL, ta buɗe a intanet a 2003, kuma ita ce ƙungiyar da take bayar da DXCC ɗin.

Shiga ba ta da sauri, kuma ina ganin daidai ne hakan. Wanda yake wajen Amurka sai ya aika kwafin lasisinsa da na katin shaida, a tantance, sannan a ba shi takardar shaida ta kwamfuta wadda zai riƙa sa hannu da ita ta manhajar TQSL, ana kuma sabunta ta duk shekara 3. Wannan tsanani shi ne darajar abin, domin babu wanda zai zauna a wata ƙasa ya ce daga Zariya yake magana a karɓa masa. Bayan haka sai mutum ya shigar da bayanin wurin tasharsa, wanda a wajena shi ne Nijeriya, shiyya ta 35, murabba'in taswira JK31.

Yadda yake aiki abu ne mai sauƙin fahimta. Ni in ɗora kundina na waɗanda na yi magana da su, wancan ma ya ɗora nasa, idan alamun kira da zango da salon magana (murya ko Mos, wato saƙon ɗigo da ja) suka dace, kuma tazarar lokacin da muka rubuta ba ta wuce minti 30 ba, to shaida ta tabbata. A nan ne nake jan kunnen duk ɗan ƙasarmu. Agogonmu yana gaban agogon duniya na UTC da awa ɗaya, saboda haka wanda ya rubuta lokacin Nijeriya a kundinsa ba zai ga ko shaida ɗaya ba. Ya faru da ni a daren da aka ɗauke wuta na koma kan batir, na rufe kwamfuta don tattali, na ci gaba da rubutu a takarda ina duba agogon hannuna da hasken tocila. Sai da na bi layukan nan ɗaya bayan ɗaya na rage awa guda kafin suka dace. Tun daga ranar na rataye agogo na biyu a saman na'urar, na saita shi a kan UTC.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne sauri. Na ɗora kundin gasa ranar Litinin da safe, kafin la'asar shaidu daga Italiya da Barazil da Amurka sun fara bayyana, abin da a da zai ci shekara. Ɗora kundi kyauta ne. Sai lokacin da mutum zai nemi lambar yabo ne yake biya, kuma da dala ake biya, wanda ba ƙaramin nauyi ba ne ga mai albashin naira. Shaidun suna aiki ga DXCC da WAS ta jihohin Amurka 50, da kuma WAZ ta shiyyoyi 40 da WPX ta farkon alamun kira.

Yana da iyakarsa. Idan abokin magana bai ɗora kundinsa ba, babu abin da za ka yi sai haƙuri, kuma akwai dattawan da har yanzu kati kawai suka yarda da shi. Shafin kansa babu ado, da Turanci yake, sabon shiga zai ɗan yi lalube. Ya kamata kuma a adana kwafin takardar shaidar a wani wuri dabam, ganin yadda ƙurar hunturu da rawar wuta suke kashe kwamfutoci a garin nan.

Ban daina kati ba gaba ɗaya. Wani tsoho daga Finlan ya aiko mini da nasa mai hoton gidansa cikin dusar ƙanƙara, ya rubuta da hannu cewa ni ne 5N ɗinsa na farko a kan mita 40, kuma na mayar masa da nawa. Amma sauran ɗaruruwan da suka kira ni a wannan gasa, ta rumbun nan suka sami shaidarsu, kuma ina shirin ɗora kundin gasar Mos ta ƙarshen Nuwamba ta wannan hanya.