Cibiyar fasaha ta unguwa ko zama gaban maigida?

Iyaye a birni sun yawaita tambayar inda ya fi dacewa su kai yaro mai son zane, rini ko dukanci.

Ta fuskar kuɗi, cibiya kan nemi kuɗin rajista, wani lokacin har da na fenti da takarda. Maigida ba ya cika karɓar komai, amma yaro na biya da aike da shara, yakan daɗe kafin a bar shi ya taɓa kayan aiki.

Cibiya tana da jadawalin yamma ko Asabar, ba ta cin karo da boko da islamiyya. Maigida kuwa yini yake so.

Wajen zurfin ilimi, zama gaban maigida ya yi gaba. A marinar Ƙofar Mata ta Kano, sanin yadda ake haɗa baba (ganyen rini mai ba da shuɗi) da toka a ramin rini, a jira makonni ya nuna, ba a allo ake koyonsa ba. Sai hannu ya yi shuɗi. Sai dai abu ɗaya za ka iya. Cibiya tana ɗanɗana wa yaro zane, wasan kwaikwayo da ɗaukar hoto, ga abokai daga wasu unguwanni. Rauninta shi ne tallafi na yankewa, malamai su watse, kwas ya tsaya a rabi. A duba wannan tun kafin a biya.

Ɗalibin da bai gano baiwarsa ba, da yarinyar da iyayenta ke son wuri mai sa ido, cibiya ta fi musu. Wanda ya riga ya zaɓi sana'a yana neman masu ciniki, ya nemi maigida mai amana.