Durowar ajiye kwanson gahawa: abin da ta jawo mini a lokacin sahur

Kicin ɗin gidan da muke haya a gabashin Landan ba ya ɗaukar mutum biyu sai da haƙuri, domin idan ɗaya zai buɗe firji dole ɗayan ya matsa gefe. Kanta ɗaya ce a cikinsa, tana ɗauke da butar lantarki da tukunyar dafa shinkafa da na'urar gahawata, ɗan wurin da ya rage kuma a nan uwargida take yanka albasa. A kan wannan ɗan wuri muka daɗe muna ƙananan maganganu, saboda kwalayen gahawar dogaye ne, kowanne da kwanso 10 a ciki, wato 'yan rufaffun mazuban garin gahawa da ake sakawa a na'urar ɗaya-ɗaya, kuma duk yadda na jera su a jikin bango sai ɗaya ya zame ya faɗa inda ake aiki. Ranar da ta tsinci kwali guda a cikin kwandon tumatir ta ce mini, "Malam, ko dai ka nema wa kayan nan naka gida, ko kuma ni in nema musu." Na san irin gidan da take nufi, shi ya sa a daren na shiga intanet neman mafita.

Abin da na fara gwadawa shi ne irin ma'ajin da ake liƙawa da gam a ƙarƙashin kabad ɗin sama, tunda yarjejeniyar hayarmu ta hana huda bango, kuma ba na son abin da zai taɓa kuɗin ajiyar da muka bayar. Bai kai mako uku ba tururin buta ya saki gam ɗin, muka tashi muka tarar da shi a cikin wurin wanke-wanke. Wanda yake tsaye kamar hasumiya ana juya shi kuwa ban ma saye shi ba, domin wurin da zai ci a kanta ya kusa kai na kwalayen da nake son rabuwa da su. Sai na koma kan durowar ƙarfe da ake ɗora na'urar a bisanta, wadda masu sayarwa suka rubuta cewa tana ɗaukar kwanso 40. Dabarar ta burge ni ƙwarai: wurin da na'urar take zaune dama ya riga ya tafi, don haka duk abin da aka cusa a ƙarƙashinta riba ce.

Makon farko ban da yabo babu abin da nake yi. Durowar ta iso a haɗe, ba sai na nemi sukudireba ba, baƙin fentinta ya dace da na'urar, kuma da na jawo ta na ga kwanson a jere layi-layi, kowane launi da sahunsa, sai na ji kamar na ƙara wa gidan ɗaki guda. Uwargida ta samu wurin yanka albasarta, har ta ce wannan karon kuɗina bai tafi a banza ba. Da a lokacin na rubuta wannan sharhi, da taurari biyar zan bayar ba tare da na yi tunani sau biyu ba.

Ya kamata in bayyana irin na'urar da nake da ita, domin a nan matsalar ta ɓuya. Nespresso ce, ita kuwa Nespresso iri biyu ce. Ta asali, wadda kamfanin Nestlé ya fito da ita a Suwizalan a 1986, ƙananan kwanso take amfani da su, tana tura ruwan zafi ta cikinsu da ƙarfin famfo. Tawa kuwa Vertuo ce, wadda aka fara sayarwa a Amurka da Kanada a 2014, kwansonta faffaɗa ne mai siffar rabin lemo, akwai zanen layuka a gefen bakinsa da na'urar take karantawa ta san yawan ruwan da za ta zuba, sannan ta juya kwanson da gudu mai tsanani, har zagaye dubbai a minti ɗaya, kafin gahawar ta fito da kumfarta. Abu biyu ke nan suka shafi duk wanda zai ɗora ta a kan wani abu: murfinta sama yake buɗewa idan za a saka kwanso, kuma tana girgiza idan tana aiki. Babu ko ɗaya daga cikin biyun da aka ambata a bayanin durowar, ni ma kuma, in faɗi gaskiya, ban ɗauki tef na auna komai ba kafin in biya.

Tsayin da durowar ta ƙara wa na'urar bai kai tafin hannu ba, amma shi ya cinye tazarar da ke tsakaninta da kabad ɗin sama. Murfin ya daina buɗewa har ƙarshe, sai ya tsaya a rabi yana dukan katako. Mafitar da na samu ita ce in riƙa jawo na'urar gaba, zuwa bakin durowar, duk lokacin da zan saka kwanso, in gama in mayar da ita. Da rana wannan ba wani abu ba ne, kuma na saba da shi har na daina lura.

Sai azumi ya kama. Wanda ya yi azumi a ƙasar nan ya san yadda sahur yake: gari shiru, gidajen a manne da juna, bangon da ya raba ka da maƙwabci kuma ba ya riƙe ko tari. A dare na huɗu na tashi ni kaɗai, ban kunna babbar fitila ba don kada hasken ya shiga ɗakin yara, na jawo na'urar gaba kamar kullum, na saka babban kwanso mai ba da mililita 230, na ajiye kofina, na danna. Abin da na manta shi ne mayar da ita baya. Da ta fara juyawa, saman durowar, wanda siririn falle ne na ƙarfe, ya ɗauki girgizar ya ninka ta, kwanso talatin da wani abu da ke ciki suka shiga kaɗawa kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Ina tsaye ina kallo ƙafafun na'urar na gaba suka riƙa tafiya a hankali zuwa baki, kafin in kai hannu ta karkata, kofin ya zame ya tarwatse a ƙasa, gahawa mai zafi kuma ta ci gaba da zuba, rabi a kan kantar, rabi tana bin tsagar durowar zuwa ciki. Na riƙe na'urar da hannu ɗaya ina laluben soket da ɗayan, ruwan yana ɗiga a kan ƙafata. Ƙaramar 'yarmu ta farka da kuka, maƙwabcinmu ya buga bango sau biyu, uwargida ta fito ta tsaya a bakin ƙofa ta dube ni, ta dubi ƙasa, ta ce, "Sannu da aiki, Malam," ta koma wurin yarinyar. Lokacin da ya kamata in ci abinci a goge-goge ya tafi, na ɗauki azumin ranar da dabino uku da ruwa.

Wankin durowar shi ya fi ƙona mini rai. Ba a zare ta gaba ɗaya daga gidanta, akwai wani ɗan ƙarfe da yake tare ta a ƙarshe, saboda haka gahawar da ta taru a can lungun baya sai da na naɗa tsumma a jikin cokali na riƙa zura shi. Na wanke kwanson ɗaya bayan ɗaya na shanya su a kan tawul, kuma alhamdu lillahi a rufe suke ruf da alminiyam, babu wanda ya lalace. Durowar ce ba ta tsira ba, domin bayan kwana goma tsatsa ta fito a kusurwoyin da aka yi walda, a kayan da aka ƙera don ya zauna a ƙarƙashin abin da yake zubar da ruwa kullum.

Na yarda cewa rabin laifin nawa ne, ni na bar na'urar a baki. Na so in tsaya a nan in ce durowar tana da kyau ga wanda ya auna kicin ɗinsa, amma da na zauna rubutu sai wasu abubuwan da na haɗiye suka dawo mini. Kwanso 40 ɗin da aka yi alkawari gaskiya ne kawai idan ƙanana ne, irin na mililita 40 ko 80. Faɗin bakinsu ɗaya ne da manyan, amma manyan sun fi zurfi, kuma idan na cika layukan da su sai durowar ta cije a hanya, in yi ta jijjiga ta kafin ta buɗe. Sau biyu gefenta ya kankare bakin kwanso, daidai inda zanen layukan yake, na yi ta fargabar na'urar za ta ƙi karɓarsa. Ƙafafunta ma ba roba ba ce, wani ɗan soso ne da aka manna, biyu sun ɓalle tun kafin azumi. Da na rubuta wa masu sayarwar na haɗa da hotunan tsatsar, amsar da ta zo bayan kwana biyar ita ce in riƙa goge ta da busasshen tsumma, kuma wa'adin mayar da kaya ya wuce.

Ga mai ƙaramar na'ura ta asali, wanda babu kabad a saman kantarsa, mai yiwuwa ta yi masa daidai, kuma ko shi zan ce ya nemi mai saman gilashi mai kauri ko katako. Mai irin tawa kuwa ya buɗe murfin na'urarsa har ƙarshe, ya auna daga nan zuwa kabad, ya ga ko tafin hannu zai shiga, kafin ya fitar da ko fam ɗaya. Taurari biyu na ba ta, ɗaya don fentin, ɗaya don makon nan na farko.

Ban jefar da ita ba. Tana cikin kabad yanzu, uwargida ta shimfiɗa takarda a ciki ta jera ganyen shayi da citta da kanumfari, kuma ta ce ba ta taɓa samun abin da ya dace da su haka ba. Na'urar ta koma kan kantar kicin, murfinta yana buɗewa yadda ya kamata. Kwanson kuwa suna cikin wani tsohon gwangwanin madarar gari da ta wanke mini, a saman firji, yana ɗaukar kwali uku idan na juye su, sai dai in na tashi da asuba ina neman mai ƙarfi dole in zuba hannu in yi ta lalube a cikin duhu.