Kan jirgin fasinja ko na kaya? Malam, ka sayi na kaya kawai

Malam, ka tambaya wane kan jirgin ƙasa na wasa za ka saya, na fasinja ko na kaya. Tunda HO ka ce za ka fara, wato wani ƙayyadadden girma na ƙananan jiragen wasa masu kwaikwayon na gaske, kuma filawud ɗaya za ka shimfiɗa a ɗaki ka ɗora layin, tsakanin kan jirgin fasinja F40PH da na kaya GP38-2 ɗin da aka turo maka hotonsu ni dai na ce GP38-2, kar ma ka tsaya dogon tunani.

A jirgin gaske bambancin a giya yake da kuma wuta. Duka biyun dizal ne ke juya janareta, janareta ya ba moton da ke juya tayoyi lantarki. GP38-2 na kaya ne, kamfanin EMD na Amurka ya fara ƙera shi a 1972, ƙarfin doki 2000, an saita giyarsa don ja, gudunsa bai wuce kilomita 105 a awa ba. F40PH kuwa Amtrak, kamfanin jirgin fasinja na Amurka, aka fara ƙera wa shi a 1976, doki 3000, yana haura kilomita 160, kuma shi ke ba taragun fasinja wutar fitila da AC, shi ya sa ko a tasha yake tsaye injinsa na ihu kamar ana yanka shi. To amma a ɗan ƙaramin na wasa duk wannan babu, ƙaramin moto ne a cikin kowanne. Abin da zai dame ka tsawon taragu ne. Taragon fasinja ɗaya a HO ya kai santimita 30, filawud mai ƙafa 4 da 8 kuma kwanar inci 18 yake ɗauka, wato daga tsakiyar da'irar zuwa layi, in ka matsa sosai 22, dogon tarago a irin wannan kwana gindinsa waje yake leƙawa, ƙugiya ta ja ɗan uwansa ya sauka daga layi.

Nawa GP38-2 ɗin gwanjo ne, wani ɗan uwa ya haɗo min cikin kaya, fentinsa ma ya ɗan koɗe ta gefe ɗaya amma wallahi ban taɓa jin daɗin abu irinsa ba. Gajerun taragu nake jona masa, yara su cika buɗaɗɗun da gero, in rage wuta ya riƙa rarrafe a hankali yana ajiye wannan a layin gefe yana komawa baya ya ɗauko wancan, har wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi aikin reluwe ya zauna yana ba mu umarni wai ba haka ake shantin ba, wato jera taragu da sauya musu layi. Shi ke ba su labarin yadda layin dogo ya iso Bauchi a 1961, Gombe 1963, ya dire Maiduguri 1964, kuma wai a nan ba a wani raba kai, wanda ya ja fasinja yau gobe ka gan shi da siminti. Lokacin hunturu dai sai ka riƙa goge layi da tayoyi da ɗan ƙyalle, ƙura na hana shi shan wuta.

F40PH ina da shi, yana da kyau a hoto, yana cikin kwalinsa.

Sannan ka yi hattara da masu sayarwa a Facebook da WhatsApp. Akwai kan jirgin da ba moto a cikinsa, kwanko ne kawai da ake jonawa bayan mai moto don ado, a hoto ba ka bambance su, kuma da yawa haka za su sa maka a mota ba su faɗa ba. Ka ce a yi maka bidiyo yana tafiya gaba da baya, fitila a kunne, kafin ka tura ko sisi. Ka tambaya DC ne, mai tafiya da ƙarin wuta ko rage ta a layi, ko DCC, mai karɓar umarni ta na'urar dijital. Ka duba tiransifoma, na Amurka 110 yake sha, ka soka shi a wutarmu ta 230 sai hayaƙi. Wanda ya ce maka “irin na Najeriya ne sak” shi ma ka bar shi, tsohon layinmu faɗinsa milimita 1067 ne, layin HO kuwa na 1435 yake kwaikwaya, irin na Abuja zuwa Kaduna.

Ka ɗauki GP38-2 da gajerun taragu kamar biyar, in kuɗi ya ragu ka ƙara da makarkatar layi guda biyu, wato wurin da jirgi ke sauya layi, don shantin.