MiFi ko hotspot na waya: wanne ya fi dacewa da laftop a Sakkwato?

Ƙanwata, kin tambaya ko ki sayi MiFi ne, wato 'yar na'urar nan da ake sa wa sim ta riƙa raba intanet, ko ki ci gaba da jona laftop ɗinki da hotspot na waya, tunda aikin furojet ya sa kina wuni a intanet tsakanin makaranta a Dundaye da gida a Mabera.

Ta fuskar sauri, kada ki sa ran wani babban bambanci. Idan layi ɗaya ne, daga turken sadarwa ɗaya suke ɗauko sabis. Abin da MiFi ya fi waya a nan shi ne za ki iya ajiye shi a bakin taga inda sabis ya fi ƙarfi, ke kuma ki zauna inda fanka take.

Inda suka rabu sosai shi ne zafi. A Afrilu da Mayu garin nan yana haura digiri 40, alhali Apple ma cewa ya yi a yi amfani da iPhone tsakanin digiri 0 da 35. Wayar da ke raba intanet, ga ta a caji, ga ki kina duba WhatsApp a kanta, nan da nan bayanta zai yi zafi rau. Daga nan sai ta rage gudu da kanta, batirin kuma yana lalacewa a hankali, wani har ya kumbura ya ɗaga murfi. MiFi ma yana zafi, amma canza batirinsa ya fi canza waya araha nesa ba kusa ba. Ga kuma kira: a wayoyi da yawa, da kira ya shigo sai layin ya sauka daga 4G, abin da kike turawa malaminki ya tsaya cak.

Waya ma tana da nata alherin. Ba sai kin sayi wata na'ura ba, ba sai kin yi rajistar sabon layi da NIN ba, kuma idan mai layi biyu ce, wanda ya fi kamawa a inda kike shi za ki kunna. MiFi ɗin da kamfanonin waya ke sayarwa galibi a kulle yake da layinsu kaɗai, don haka ki tambayi mai shago ko yana karɓar kowane sim kafin ki biya.

A ganina, mai aiki irin naki na kullum MiFi ya kamace ta. Kafin kuɗin su samu, ki riƙa jona wayar da kebul, ki kunna USB tethering. Laftop ɗin zai riƙa yi mata caji, haɗin kuma ya fi tsayawa.

Ko wanne kika zaɓa, don Allah ki shiga Settings na laftop ɗin, Network & Internet, ki buɗe sunan haɗin, ki kunna Metered connection. In ba haka ba Windows na ɗauka datar ba ta da iyaka, ya yi ta sauke sabuntawa a ɓoye, kuma tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a farkon 2025 data ba abin wasa ba ce. Kowane haɗi da nasa saitin, wato sai kin yi wa MiFi daban, hotspot daban, kebul ma daban.