Yaya, Na Hau Keken da Ka Ce In Sayo

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, kuma ƙafar Hajiya ta yi sauƙi. Saƙon muryarka ya iso, na saurare shi har sau uku don in tabbatar da gaske kake. Ka ce in nemo maka kekuna masu caji guda biyar a nan Jidda in aiko, ka buɗe wurin haya a unguwa, tunda mai ya gagari talaka tun da aka cire tallafi a 2023. Na yi kwana goma ban amsa ba, ka yi haƙuri. Ban so in ba ka shawara a kan abin da ban taɓa ɗora ƙafata a kai ba. Ranar Juma'ar da ta wuce na je na hau, ni da abokin ɗakina mutumin Damagaram.

Akwai masu sana'ar zagayawa da mutane bakin teku a kan irin waɗannan kekuna, da ɗan jagora a gaba yana bayani. Hanyar bakin tekun nan Kurnish ake ce mata, ta bi gaɓar Bahar Maliya kusan kilomita 30. Shekara uku ke nan ina wuce ta a motar aiki, ban taɓa tsayawa ba, don ni a ganina wurin masu kuɗi ne da baƙi.

Tun daga biyan kuɗi na san ba gida nake ba. A waya ake yin komai. Ka zaɓi rana da lokaci, ka sa lambar igamarka, wato katin izinin zama a ƙasar, farashi ya fito, a ƙarƙashinsa a ɗora harajin kashi 15 cikin ɗari da ake ɗorawa kan kusan duk abin da ka saya tun 2020. Babu wanda za ka ce wa “haba malam, a duba dai”. Waya ba ta jin albarka, ba ta jin sallama. Abin da na biya ya kusa cinye min ladan aikin kwana biyu, sannan suka riƙe wani kuɗi daban a katina a matsayin jingina. Nan take na tuna mai hayar keken bakin kasuwarmu, da tsofaffin Raleigh da Phoenix ɗinsa da ake ɗaure wa sarƙa da waya. Shi ba ya karɓar jinginar komai, ya dai san gidanmu, ya san Baba. In ka wuce lokaci ka sha ranƙwashi, magana ta ƙare.

Bayan La'asar muka isa. Mu goma sha ɗaya ne: Larabawa, wasu 'yan Indiya mata da miji, wani Bature, sai mu. Jagoran wani dogon saurayi ne baƙi, yana ta zuba Larabci irin na mutanen Hijaz. Ina cikin ce wa abokina hular kwanon nan ta matse min kai, sai yaron ya juyo ya ce, “Kawo in sassauta maka, Kawu.” Da Hausa, Yaya! A nan aka haife shi, a nan aka haifi ubansa. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa da niyyar aikin Hajji, ya yi shekaru yana ƙwadago a gonakin auduga na Sudan, ya tsallako ta Sawakin a jirgin ruwa, bai sake komawa ba. Irinsu suna da yawa a Makka da Madina da Jidda, su ne za ka ji sunansu ya ƙare da Hausawi, kamar Usama Hausawi da ya riƙe kyaftin ɗin ƙungiyar Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha. Hausar yaron irin ta tsofaffi ce, sai ka rantse da kakarmu kake hira, sai dai kowace magana sai ya haɗa da “ya'ani” ya rufe da “khalas”.

Keken kansa ba wani abin tsafi ba ne. Keke ne kamar kowane, sai dai ya fi nauyi, da batir a jikin ƙarfen tsakiya, da ɗan inji a cibiyar tayar baya, da wani ɗan allo a kan hannu mai nuna gudu da sauran caji. Irin wanda suka ba mu sai ka taka feda injin ke kama aiki, yana taya ka ne kawai, in ka kai gudun kilomita 25 a awa ya sake ka. Akwai matakan ƙarfi, jagora ya ce kowa ya fara da na ɗaya. Ni kuwa da na yi shekaru ina kai niƙa a keken Baba, na ce wane yaro ne zai koya min hawan keke, na danna na ƙarshe. Takawa ɗaya na yi, abin ya zabura kamar an tsikari doki, sai ga ni rungume da wata tukunyar fulawa ta siminti. Gwiwata ta ɗan kuje, gefen keken ma ya kuje.

Yaron ya fara tambayar lafiyata, wannan kam ya kyauta. Sannan ya zaro waya ya ɗauki hoton wurin da ya kuje, ya nuna min hoton da suka ɗauki keken kafin su ba ni. Na ce masa haba ɗana, ni da kai. Ya ce wallahi Kawu ba a hannuna yake ba, in ban tura ba daga albashina za a cire. Aka zaftare wani abu daga jinginata. Da a gida ne, da “Allah Ya kiyaye gaba” za a rabu, wataƙila ma mai keken ya saya min ruwa.

Amma da muka kama hanya na manta da haushin. Kekuna na da layinsu daban, masu tafiya a ƙasa na da nasu, motoci can gefe. Awa biyu muna tafe ban ga rami ko ɗaya ba, ban kauce wa kwata ba, babu ɗan adaidaita da ya shigo min ta hagu. Wannan ɓangaren sabon gyara ne, a 2017 aka buɗe shi, da wuraren wasan yara da banɗakuna da inuwowi. Iyalai sun baje tabarmi a kan ciyawa da butocin gahawa da shayi, masu kamun kifi sun jera ƙugiyoyinsu. Har mata na gani cikin abaya suna tuƙa keke, a ƙasar da sai a 2018 aka bar mace ta tuƙa mota. Iskar teku na kaɗawa, ga shi lokacin sanyi ne. Da rani ba zan gwada ba ko da kyauta ne, don zafin Jidda haɗe yake da danshi, kana tsaye rigarka za ta jiƙe kamar an watsa maka ruwa.

Muka bi ta gefen filin tseren motoci na Formula 1 da aka fara amfani da shi a Disambar 2021, titi ne mai tsawon fiye da kilomita 6 da aka shimfiɗa a bakin ruwa. Bature da Larabawan suka tsaya ɗaukar hoto. Ni abin da ya tsaya min a rai Masallacin Rahma ne, wanda aka gina a 1985 a kan ginshiƙai cikin teku, in ruwa ya cika sai ka ga kamar yana yawo a kai. A nan muka yi Magariba. Rana ta faɗa cikin ruwa a bayanmu, mu kuma muka fuskanci gabas kamar yadda muke yi a gida, sai dai a nan Ka'aba tafiyar awa guda ce a mota. Na yi wa Baba addu'a sosai a wurin.

Na tambayi yaron ko za mu kai wurin mafesar ruwan nan ta Sarki Fahad, wadda ke cilla ruwan teku sama fiye da mita 260. Ya yi dariya ya ce tana can kudu wajen Hamra, wannan wani tikitin ne daban. Ka ji ƙasa, kowane kallo da kuɗinsa. Da ya nuna kudun sai fuskarsa ta ɗan canza, ya ce can gaba ne aka haife shi, a Karantina, cikin unguwannin da aka rushe tsakanin 2021 da 2022, su Gulail da sauransu, inda mutanenmu da yawa suke zaune. Yanzu danginsu sun warwatsu, haya kuma ta yi tsada. Bai ƙara cewa komai ba, ni ma ban ja maganar ba.

To Yaya, ga abin da na dawo da shi. Kuɗin da na biya, ba na keke ba ne. Titin nan mai sumul na biya, da wutar da aka caja batirin da ita, da tabbacin da mai kekunan yake da shi cewa ba zan gudu da kayansa ba. Lambar igamata tana hannunsa, ita ce haɗe da layin wayata da asusuna na banki, ga na'urar bin sawu a jikin keken. Ina zan je? Kai kuwa in wani ya hau naka ya miƙe hanyar Zariya, sai dai ka bi shi da Allah Ya isa. Unguwa ta cika da baƙin fuska, zamanin “na san ubanka” ya wuce.

Sai maganar wuta. Batirin irin wannan yana son awa huɗu zuwa shida a jone kafin ya cika. Tun da na zo ƙasar nan sau ɗaya na ga an ɗauke wuta, shi ma gyara ake yi, sun kuma turo saƙo tun kafin lokacin. Kai da za ka yi cajin kekuna biyar kullum, in ka ce janareta za ka tayar, man da kake gudu shi ka koma saye. Sola ce mafita, rana kuwa Allah Ya ba mu, amma sai ka sa kuɗinta cikin lissafi tun farko. Ka kuma sani batirin ba ya son zafi mai tsanani, ba a barinsa a rana, ba a cajinsa da kowace irin caja, don in ya kama da wuta kashe shi aiki ne. Shi ne kuma mafi tsada a jikin keken, ranar da ya mutu kamar an ce ka sayi rabin sabo.

Kada ka ɗauka komai na nan ya fi na gida. Mai dai da arha, litar mai lamba 91 riyal 2.18 ce, riyal kuma ba ya rawa, 3.75 ne a dala ɗaya shekara da shekaru. Kazar Albaik da kake jin labari, leburan da ya fi kowa ƙaramin albashi ma yana ci. Ruwan famfo tekun nan ce aka cire wa gishiri, na sha kuwa saye muke yi. Amma gyara, Yaya, gyara! Kwanaki fankata ta tsaya, kuɗin da mai gyara ya yanka min kaɗan ya rage ya kai na sabuwa, na jefar da ita ina ji ina gani. Na tambayi jagoran nan yadda suke yi in batir ya lalace, ya ce cirewa ake yi a sa wani. A Kano kuwa na tabbata yaran da ke farke waya a Farm Centre su mayar da ita kamar ba a taɓa ba, ba za su yi wata uku ba sai sun gano yadda ake buɗe batirin nan a canza ƙwayoyin da suka mutu. Mai faci yana kowace kwana, mai walda yana nan, wanda zai ba ka kaya bashi zuwa ƙarshen wata yana nan. A nan ko sisi ya rage maka a kanti, kayan za ka ajiye. Tumatirinsu ma ga girma ga kyau, ka yi miya ka rasa ɗanɗano.

Maganar aikowa kuwa, a bar ta. Na duba jikin wanda na hau, ƙirar Sin ce, haka ma waɗanda na leƙa na gani a shaguna. In na saya a nan, na biya ribar ɗan kasuwar Jidda, na biya harajin kashi 15, sannan kuɗin dako da na kwastan, alhali daga can Sin ɗin 'yan kasuwarmu suke ɗauko nasu kai tsaye. Shawarar da ka kawo ta a raba wa masu dawowa daga Umara ma ba za ta yiwu ba. Jirgin fasinja ba ya ɗaukar batirin da ya wuce wat-awa 160, wato ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa, na keke kuwa yawanci ya wuce haka. A filin jirgi za a tsayar da shi, mu ja wa bayin Allah wahala.

Abin da nake gani, ka shiga kasuwa nan gida ka nemi guda ɗaya tak. Kada ka ɗauki irin wanda na hau, na shan iska ne. Ka nemi mai faɗin taya da wurin ɗora kaya, irin mashin mai cajin da na ji an fara yayi. Kafin ka biya ka tambayi mai shagon ko yana sayar da batirinsa da cajarsa daban, in ya fara kame-kame ka wuce gaba. Ka hau shi da kanka zuwa kasuwa, ya ga damina ya ga ƙurar hunturu. In ya kai shekara lafiya, sai mu yi maganar na biyu, kuma a fara da ba mutanen da ka sani, masu kai saƙo ko malaman makaranta, biya wata-wata, ba hayar awa ba. Rabin kuɗin na farkon ni zan bayar in an yi albashi, in sha Allahu.

Ragowar jinginata ta dawo, amma sai da na kira su sau biyu. Akwai wani dattijo ɗan unguwarmu da zai taso ranar Laraba, na ba shi dabinon ajwa da man zafi na ƙafar Hajiya. In an samu mai tahowa a aiko min da yaji da kuka da daddawa, a ƙulle daddawar da kyau a leda uku. Gwiwata ta warke, amma don Allah kada ka gaya wa Hajiya na faɗi a keke.