Na'urar gano ƙarfe mai kukan banza: a gyara ko a sayi sabuwa?

Wannan sharhi a kan ƙaramar na'urar gano ƙarfe ne, irin ta masu farawa, mai aiki da tsarin VLF (wato mai laluben ƙarfe da igiyoyin maganaɗisu), mai cin batir AA guda 4, bayan ta kwana biyu tana shan aiki har ta fara halin tsufa: kuka ba gaira ba dalili, lambobi na tsalle a fuskarta, wani sa'in ta mutu da kanta. A ganina akwatin da ke ɗauke da ƙwaƙwalwarta ba kasafai yake ba da matsala ba. Rauninta yana gidan batir, da waya, da faifai, wato abin da ke ƙarshen sanda wanda ake shara shi a kan ƙasa don jin ƙarfe.

A fara da batir. Sabon alkalin yana ba da bolt 1.5, mai caji na NiMH kuwa 1.2, wato guda huɗu bolt 6 ke nan ko 4.8, shi ya sa alamar batir ba ta cika nuna gaskiya da masu caji. Kada a gwama tsoho da sabo. In an ga farin gari ya daskare a kan sifirin, batir ne ya yi yoyo. A goge da auduga da ɗan ruwan khal, a bi da sifirit, a bari ya bushe. Sifirin da ya saki shi ke sa na'ura ta mutu da zarar an girgiza ta. A ɗan miƙe shi.

Kukan banza ne ke cin lokaci. A fitar da ita fili, nesa da wayoyin lantarki da taransifoma, a kashe wayar hannu, a rage ƙarfin jinta zuwa rabi, a ɗaga faifan sama a riƙe shi tsit. In ta yi shiru, laifin wurin ne ko saiti, ba nata ba. In ba ta yi ba, sai a bi wayar faifan da yatsa biyu ana ɗan lanƙwasawa, daga fulogi har zuwa inda ta shiga faifai. Duk inda aka taɓa ta yi ƙara, to nan ta karye daga ciki, ko da robar waje lafiya lau take. Galibi a bakin faifai ne, don nan take shan wahala duk lokacin da aka canja kusurwarsa. Wayar da aka naɗa sakaka a jikin sanda ma tana jawo wannan kukan, tunda jan ƙarfe ne a cikinta, faifan kuma yana jin motsinsa.

Akwai abin da ake yawan mantawa: murfin robar da ke ƙarƙashin faifai. A ɓalle shi a duba. Sau da yawa za a tarar da baƙin yashi da laka sun taru a ciki, yashin nan kuwa yana da ma'adinin ƙarfe, sai na'ura ta yi ta ihu a kan abin da take ɗauke da shi da kanta. Wanki kawai yake so.

Mai mitar auna lantarki zai iya cire fulogi ya auna. Faifan VLF yana da naɗin waya biyu, ɗaya mai aikawa ɗaya mai karɓa, kowanne ya kamata ya nuna a haɗe yake. In mita ta nuna a buɗe, ko lamba na rawa in an motsa waya, an gano mai laifi. Amma babu gwajin da ya kai aron faifai irin nata mai lafiya a jona. In lasifika ce ta yi gum, a soka abin sauraro na kunne a zare sau da yawa, don ramin yana da ɗan makunni da ke yanke lasifika, datti kan sa ya maƙale.

Batun gyara kuwa, ga yadda nake auna shi. Karyewa kusa da fulogi aikin dalma ne na 'yan mintuna: a yanke, a feƙe, a liƙe, bayan an ɗauki hoton inda kowace launi take. Kunnen faifai, wato inda ake ɗaure shi da sanda, in ya tsage yana kamuwa da gam ɗin efoksi. Amma faifan da ruwa ya shiga, ko waya ta karye a cikinsa, ba ya gyaruwa yadda ya kamata, don an cika shi da ƙaro, naɗin biyun kuma an daidaita su daidai wa daida tun daga masana'anta. Sabon faifai za a saya, kuma ya cancanta muddin akwatin lafiya yake.

Inda nake cewa a haƙura shi ne in ruwa ya shiga akwati. A irin wannan na'ura faifai ne kaɗai ke jure ruwa. In an buɗe aka ga koren tsatsa ya bi layukan allon lantarki, musamman in ruwan gishiri ne, ko ta tashi yau gobe za ta koma. Haka in kuɗin gyara ya haura rabin na sabuwa, ko an daina yin kayan gyaranta. Wadda garantinta bai ƙare ba kuwa, kada ma a kwance mata ko noti ɗaya, a mayar wa kamfani yadda take.