Ajin Turancin bayan La'asar a Ƙofar Marusa: wata biyu da na yi

Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Katsina. Tun lokacin korona, a 2020, nake rubuta "underlying condition" a fayil ɗin marar lafiya in yana da hawan jini ko ciwon suga bayan abin da ya kawo shi asibiti. Hannuna ya saba, amma ban taɓa sanin tushen kalmar underlying, wato underlie, ba sai da na shiga wani ajin manya da ake yi bayan La'asar wajen Ƙofar Marusa.

Ranar da na san kuɗina bai tafi a banza ba, wani bawan Allah ne ya ga underlie a allo, ya ce ai ja layi ne a ƙarƙashin rubutu. Malam ya yi murmushi ya ce wancan underline ne, harafi ɗaya tak ya raba su. Sai ya ɗauko dardumarsa ya shimfiɗa bisa tabarma, ya ce tabarmar nan ita ta yi underlie ɗin darduma, wato tana kwance ƙarƙashinta. Haka ma dutsen da masu haƙar rijiya ke cin karo da shi in sun wuce yashi. Ya gargaɗe mu kada mu ƙara mata under a gaba, don tana ɗauke da abinta a jiki, abin da ke sama kawai ake ambata bayanta.

Ya juyo wajena. "Sista, ruwa na tsami banza?" Na ce a'a, Malam. Ya ce to abin da ya sa shi tsamin, wanda ido bai gani, shi ne underlying cause, kuma a wannan ma'ana aka fi jin kalmar, a jarida da bakin likitoci. Nan take na tuna fayilolina.

Inda na sha wuya shi ne sauye-sauyenta: underlie, underlay, underlain. Tana bin lie ta kwanciya ne, mai zama lay da lain, ba lie ta ƙarya ba, mai zama lied. Don a ƙara ruɗa mutum, soson da ake sa wa ƙarƙashin kafet ma underlay ake ce masa. Sati guda ina maimaita su a Keke Napep kamar mai tilawa.

Wurin fa yana da nasa. Ɗakin ƙarami ne, fanka ɗaya, in aka ɗauke wuta sai gumi. Malam kan makara, kuma ba a raba takarda, komai daga allo za ki kwafa. Mai gaggawar WAEC ko JAMB ba zai ji daɗi ba, don Malam na iya cinye yamma guda kan kalma ɗaya. Ni dai na biya kuɗin wata na uku, na kuma sayi mafici.